Imel ɗinka na faɗawa spam? Ga yadda ake gyarawa

Masu ƙananan kamfanoni a nan Abuja suna shan wahalar wannan abu sosai, ka tura wa wani ofis takardar farashi ko rasit, kwana uku shiru, ka buga waya su ce wallahi ba su ga komai ba, alhali saƙon na can kwance a spam ko ma an tare shi tun a hanya. Kwangila na iya kuɓuce maka a kan wannan kaɗai fa.

Fara da saƙon da ya dawo maka da sunan Mailer-Daemon, jama'a gogewa suke yi ba tare da sun karanta ba, kuma a cikinsa dalilin yake. In ka ga lamba 550 tare da kalmar blocked ko spam to ƙin karɓa aka yi, sake turawa sau goma ba zai canja komai ba.

Yawanci laifin daga adireshin kamfaninka ne, irin mai ƙarewa da .com.ng ɗin nan. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, sai ka nuna shaidar cewa da gaske kai ne ka turo. Abu uku ne. SPF shi ke faɗin waɗanne saba (kwamfutocin da ke tura imel) ne aka yarda su tura saƙo da sunanka, DKIM kamar sa hannu ne a jikin kowane saƙo, DMARC kuma shi ke gaya wa mai karɓa yadda zai yi da wanda ya faɗi gwajin. Gmail na neman aƙalla SPF ko DKIM daga kowa, mai tura sama da 5,000 a rana kuwa sai duka ukun, ni dai shawarata ka sa su duka ko da saƙo biyar kake turawa. In cPanel (allon sarrafa shafin intanet da imel ɗin kamfani) kake amfani da shi shiga Email Deliverability zai nuna maka abin da ya ɓace, in ba ka iya ba ka matsa wa wanda ya haɗa maka shafin, aikinsa ne ai. Gyaran kan ɗauki har kwana biyu kafin ya kama ko'ina.

Sai ka duba lambar IP ɗinka, wato lambar sabar da imel ɗinka ke fita daga gare ta, a shafin MXToolbox ko Spamhaus, ka ga ko tana cikin baƙin jerin masu tura spam. Hostin (hayar wurin ajiye shafi da imel) mai araha kuna da yawa a kan lamba ɗaya, wani ya yi ɓarna ta shafe ku duka. In kana cikin baƙin jerin, fara canja fasuwod don wataƙila an yi maka kutse, sannan ka nemi a cire ka, ko masu hostin su ba ka wata lambar.

Kuma don Allah daina zuba mutum ɗari a saƙo ɗaya, ko sayen jerin adireshin mutanen da ba su san ka ba, da zarar masu kai ƙarar saƙonka a matsayin spam sun kai 3 cikin 1,000 Gmail zai fara juya maka baya.

Shi kuma wanda ka tura wa, roƙe shi ya buɗe spam ya danna Not spam ya ajiye adireshinka cikin lambobinsa, kuma ya yi da wuri, don Gmail na goge abin da ke can bayan kwana 30.