Yadda Za Ka Koya Wa Yaro Tarihin Tarayyar Nijeriya Da Yawo A Zariya

Ni da yarana ba ma fara wannan darasi da littafi. Da sassafe ka ɗauki yaro ku tsaya ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ya kalli zanen bangon nan. Faɗa masa ta hannun sarakuna Bature ya mulki Arewa: haraji, kotun alƙali, 'yan doka, duk ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. A 1914 Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa.

Ku hau keke zuwa unguwar Kongo, inda aka horar da ma'aikatan da suka gaji kujerun Turawa. Nan za ka daɗe. Tsarin mulkin 1954 ne ya ba yankuna uku ikon kansu, shi ne tushen tarayya tun kafin 'yancin 1960, kuma yana ɓata mini rai yadda ake tsallake shi.

Ku ƙarasa Wusasa, inda tsohon shugaban ƙasa Yakubu Gowon ya girma. Tsuguna ka zana taswira a ƙasa da tsinke, ka yanka ta jihohi goma sha biyu kamar yadda ya yi a 1967. Miƙa wa yaron tsinken ya fitar da Katsina daga Kaduna, 1987, ya ci gaba da yanka har jihohi 36 na 1996.