Yadda ake zaɓar makunnin da ba ya dannuwa bisa kuskure a akwatin kwamfuta haɗin gida

Wanda ya sayo kayan cikin kwamfuta daga Kano, ya kai wa kafinta a Ringim ko Ɗambatta ya ƙera masa akwatin katako, yakan bar zancen makunni sai ƙarshe, alhali shi ne abin da gwiwar mai aiki da yatsan yaro suka fi kaiwa gare shi. Na taɓa ganin aikin buga takardun jarrabawa na yini guda ya salwanta a wani shago, saboda wani ɗan yaye ya rarrafo ƙarƙashin tebur ya dafe maɓalli mai walƙiya.

Da farko, dole makunnin ya zama irin wanda yake komawa da kansa da zarar an ɗage yatsa, kamar na ƙararrawar ƙofa ko na hon ɗin babur. Tun daga tsarin ƙera kwamfuta na ATX da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, maɓallin ba ya ɗaukar wutar gida. Aikinsa shi ne ya haɗa ƙananan ƙafafun ƙarfe biyu a jikin babban allon cikin kwamfuta (motherboard), masu alamar PWR_SW, na ɗan lokaci kaɗan. Idan aka sa irin na fitilar ɗaki, wanda yake tsayawa a danne, kwamfutar za ta tashi, ta kuma mutu bayan kamar daƙiƙa 4. Saboda haka a gwada shi da mitar gwajin wuta a gaban mai sayarwa: ta yi ƙara in an danna, ta yi shiru in an saki.

Sai kuma siffarsa, wadda ita ce ainihin kariyar. A nemi na ƙarfe mai shafaffen kai, ko wanda kansa ya ɗan nutse cikin zobensa, mai faɗin milimita 16 ko 19. Kafinta ya huda ramin a mataki biyu, wato ya fara rarake katakon da faɗi kafin ya fasa ƙaramin ramin, domin maɓallin ya zauna a lungu inda sai an zura yatsa da niyya. A ganina wannan ya fi murfin roba da ake ɗagawa, domin murfin yana karyewa, kuma yara sun fi sha'awar abin da yake buɗuwa. Inda hannaye suka yi yawa, makunni mai mabuɗi ya fi, muddin shi ma mai komawa ne. Wanda aka rubuta wa IP65 yana hana ƙurar hunturu shiga.

A kafa shi a gefen akwati ta sama, nesa da ramukan USB, don kada mai laluben wajen soka filashi ya taɓa shi. A cikin Windows kuma a shiga saitin wuta, a umarci maɓallin kada ya yi komai in an danna shi sau ɗaya. Dogon danni dai zai ci gaba da kashe na'urar, domin wannan hukuncin babban allo ne yake yanke shi, ba manhaja ba.