In za ka sa gasar rubutu a onlayin, rage dokoki

Don Allah masu shirya gasa ku daina jero dokoki kamar kundin tsarin mulki, wallahi ba a karantawa. Abu huɗu sun isa: jigo, yawan kalmomi, ranar rufewa har da ƙarfe nawa, sai inda za a turo. Ko Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ai kowa ya san ta mata ce kuma gajeren labari ake so. Ni na taɓa kafa doka 12 har da girman harafi, ƙarshe labarai masu daɗi na zubar kan dokar da ni kaina na manta dalilinta. Kuma ka bari a turo ta WhatsApp kawai, yawancin marubutanmu da waya suke taifin.