ABU ko BUK? Shawara ga masu neman Economics ko Business Admin

'Yan uwa, kafin ku cike fom ɗin JAMB, ku fara tantance kwas ɗin tukuna, sannan makaranta. Economics lissafi ne sosai: tun daga aji biyu za ka haɗu da statistics da lissafin tattalin arziki, gaba kuma ga econometrics (amfani da statistics wajen nazarin tattalin arziki). Wanda lissafi ke ba shi wahala, Business Admin ya fi masa sauƙi, ko da yake can ma sai da credit a Maths da Turanci.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne zaɓi na biyu. ABU Zariya da BUK Kano duk masu nema sun yi musu yawa, wanda ya sa su a farko shi suke dubawa. Sa ɗaya a na biyu kusan ɓata gurbi ne. Jami'o'in tarayya na raba gurbi kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayensu, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi, don haka ka bincika wacce ce jiharka ke cikin rabonta. Idan maki ya fito bai kai ba, je cibiyar CBT (inda ake rajista da jarrabawar JAMB ta kwamfuta) ka yi canjin makaranta kafin a rufe rajistar Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB.

Duba shafin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ko kwas ɗin na da cikakkiyar amincewa.

Sai kuɗi. Ɗakin kwanan ɗalibai ba ya isa kowa, ka lissafa haya da kuɗin mota na shekara huɗu. Ɗan Kano da ya zaɓi BUK, zai riƙa kwana a gida, ya rage wa iyayensa nauyi babba.