Masu doguwar tafiya a keke, ku sayi ƙaramar jaka

'Yan uwa, kada ku sayi babbar jaka. Jakunkuna biyu na gefen kariya, masu cin lita 20 kowace, sun ishe ku. Duk girman jaka sai kun cika ta, ƙafarku ce kuma za ta ji a jika a hawan tudu.

Kaya masu nauyi, irin su sifana, famfo da abinci, ku sa su can ƙasa, kusa da tsakiyar taya. Gefe biyun su yi daidai, in ba haka ba keken zai riƙa rinjaya. Kafin ku biya, ku ɗaura jakar ku taka feda: in dunduniya na taɓa ta, ku bar ta.

Amma a hanyar da garuruwa ke nesa da juna, ku ƙara wurin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ba a rage ta.