Yadda Ake Rubuta Maganar Bidiyo Kafin a Kunna Kyamara

Ƙanena baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna da matasan fata a wata 'yar rumfa a cikin garin Sakkwato. Idan mai saye ya tsaya gabansa, bakinsa ba ya kafewa. Zai ɗauko takalmi ya lanƙwasa shi, ya ce "Alhaji, shinshina ka ji," ya juya cikinsa ya nuna ɗinki, kafin a ankara an yi ciniki. Amma ranar da muka jingina masa waya a kan tulin fatu don ya yi bidiyon farko, sai ya zama wani mutum daban. Ya gaida iyaye, ya gaida malamai, ya gaida na gida da na waje, ya faɗi sunansa da na unguwarsu, ya kusa cinye minti guda bai taɓa takalmi ko ɗaya ba. Da muka duba daga baya, yawancin waɗanda suka buɗe bidiyon sun wuce tun kafin ya iso kan kayan. Abin ya yi masa ciwo, ni ma ya yi mini, don na san irin aikin da ke hannunsa. Tun daga ranar ba mu sake kunna kyamara ba sai da rubutu a gabanmu. Ga yadda muke yi.

Da farko, zaɓi mutum ɗaya da magana ɗaya

Kafin ka ɗauki biro, ka san wa kake yi wa magana. Kada ka ce "jama'a". Jama'a ba su da fuska, kuma wanda ke yi wa kowa magana, ba wanda ke jin da shi ake. Ka kawo wani a ranka: uwar amarya da ke haɗa kayan ɗaki a Mabera, ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke neman takalmin da zai kai shi ƙarshen zango, ɗan kasuwar da ke sarin kaya ya bi hanyar Illela ya tsallaka da su Birnin Ƙonni. Kowanne da abin da ke damunsa. Uwar amarya kyau take nema da fita kunya, ɗalibi ƙarko da sauƙi, ɗan sari kuwa ragi da cika alkawari.

Sannan ka tsaya kan magana guda. Taura biyu ba ta taunuwa. In bidiyon na yau kan yadda ake gane fata ta gaskiya ne, bar zancen sabbin jakunkuna sai gobe. Wurin samo maganar ma ba shi da nisa, yana cikin wayarka da bakin rumfarka. Duk tambayar da masu saye suka yi maka sau uku, bidiyo ce. Mun ajiye ƙaramin littafi a rumfa, duk wanda ya tambayi wani abu sai a rubuta: ruwa yana ɓata shi? Yana zuba a farar riga? Kuna aikawa Abuja? Cikin mako biyu muka tara abin da ya ishe mu aikin wata guda.

Faɗe shi da baki, sannan ka rubuta

Nan ne mutane da yawa ke ɓata hanya. Suna zama su rubuta kamar masu amsa jarrabawa, da dogayen jimloli da manyan kalmomi, sai in an zo karantawa harshe ya riƙa sarƙewa. Rubutun bidiyo na kunne ne. Abin da muke yi shi ne, ni in zauna a matsayin mai saye in jefa tambayar, shi ya amsa mini yadda ya saba, waya tana naɗar murya. Sai mu saurara mu kwashe abin da ya faɗa zuwa takarda, mu zubar da maimaici da "ka gane ko" da "wato dai". Abin da ya rage shi ne gangar jikin rubutun, kuma da bakinsa aka gina shi, shi ya sa ba ya yi masa nauyi.

Kuma don Allah kada ka kankare harshenka. Ƙanena ya taɓa ce mini, "Yaya, ko in riƙa yin Hausar Kano don kowa ya gane?" Na ce masa a'a. In bakinka ya saba da "wanga" da "munka" da "mi kake so", rubuta su haka nan. Duk Bahaushe zai fahimta, Basakkwacen da ke zaune a Legas ko Makka kuwa, da jin muryar gida zai dakata. Ga mai sana'ar fata ma abin ya fi haka. Fatar jar akuyar Sakkwato tana da suna tun zamanin da fatake ke ratsa Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Harshenka shaida ne cewa daga tushen abin kake.

Jimlar farko, da batun sallama

Ka lura da yarinya mai tallar fura. Ba ta tsayawa ƙofar gida ta ba da tarihinta, kiran kayan take yi, mai so ya leƙo. Jimlarka ta farko kiran talla ce. Mai kallo yana riƙe da waya, babban yatsansa a kan gilashi, daƙiƙa biyu ko uku yake ba ka kafin ya shafa ya wuce. Ita wannan jimla ta cancanci ka ba ta lokaci fiye da duk sauran rubutun. Mu mukan rubuta kala biyar, mu karanta wa maƙwabcin rumfa, wadda ta sa ya ɗago kai ita muke ɗauka.

Mabuɗin da ke aiki yawanci ɗayan uku ne: ka taɓo inda ke yi wa mutum ƙaiƙayi ("takalminka ya ɓare kafin Sallah ta zagayo?"), ko ka nuna sakamako tun farko sannan ka koma yadda aka yi, ko ka ɗora abu biyu gaban ido ka bar shi yana son sanin bambancinsu.

To sallama fa? Na sha jin masu ba da shawara suna cewa a yar da gaisuwa gaba ɗaya. Ban yarda ba. Mu ba mu shiga wa mutum kai tsaye babu sallama, kuma dattijon da ya ga yaro ya faɗo masa da magana haka zai ji wani iri. Amma "salamu alaikum" ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Yi ta, hannunka yana riƙe da kayan, ka zarce. Jerin gaishe-gaishe da godiya ga mabiya, in ya zama dole, a kai su ƙarshe. Sunanka da na shagonka su zauna a rubuce a gefen hoton, ba sai sun ci maka lokaci ba.

Raba takardar gida biyu

Ja layi daga sama zuwa ƙasa. Hannun dama rubuta abin da za a ji, hannun hagu abin da za a gani. Duk jimlar da ba ta da abin nunawa a gefenta, ka tuhume ta. Gani ya kori ji. Ga wanda muka yi kan gane fata, kusan yadda yake a takarda:

Ana ganin takalma biyu a hannu, kusa da kyamara. "Salamu alaikum. Ɗaya daga takalman ga na fata ne, ɗaya na roba. Daga nesa ba ka rarrabe su. Kafin ka biya kuɗinka, duba abu uku."

Ana juya cikin takalmin, yatsa yana shafawa. "Na farko, bayanta. Fata tana da gashi-gashi, kamar an kankare ta. Roba kuwa ƙyalle za ka gani an manna mata."

Ana ɗiga ruwa daga buta. "Na biyu, ɗigon ruwa. Dubi wanga, fatar da munka jeme da bagaruwa, ta fara shanye shi, wurin ya yi duhu. Dubi wancan, ruwan yana zaune yana gangarewa."

Ana kai takalmin hanci. "Na uku sai ka zo da kanka, don waya ba ta kai ƙamshi. Amma duk wanda ya taɓa wucewa ta majema ya san shi."

Fuska ta bayyana. "In kana son irin wanga, lambarmu tana ƙasa. Turo girman ƙafarka ta WhatsApp."

Ka ga tsarin. An yi alkawarin abu uku, don haka mai kallo yana ƙirgawa, ba zai so ya tafi a na biyu ba. Hoton yana sauyawa da kowace magana. Kuma an koyar da shi abin da zai amfane shi ko da bai sayi komai a wurinmu ba. Wannan na ƙarshen shi ne ke tara mabiya na gaskiya, domin mutum yana tura wa ɗan'uwansa abin da ya ƙaru da shi, ba ya tura talla zalla. A ganina, cikin bidiyo huɗu, uku su zama na koyarwa ko nuna yadda ake aikin, ɗaya ne kawai na "zo ka saya".

Kada alkawarin farko ya fi abin da ke ciki

Akwai jaraba a wannan harka. Za ka ga wanda ya buɗe bidiyo da abin mamaki na ƙarya ya tara dubban masu kallo, sai zuciya ta ce kai ma yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a gari irin Sakkwato inda wanda ka yaudara a waya zai iya zama wanda za ku haɗu a sahu ranar Juma'a. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kyamara ma tana iya ɗora busasshe a sama ta ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. In jan rinin karan dafi yana ɗan zuba a farkon sawa, rubuta hakan cikin maganar, ka faɗi yadda ake kiyayewa. Mun gwada, kuma masu saye sun fi sakin jiki da wanda ya faɗi aibin kayansa da bakinsa.

Farashi kuma, in kana iya faɗa, faɗa. "Shigo ta akwatin saƙo ka ji kuɗin" yana korar mai kunya da mai gaggawa. In kasuwa na yawan motsi, ambaci watan da ka yi bidiyon.

A ƙarshe nemi abu ɗaya tak. Ko a turo saƙo, ko a bi shafin, ko a rubuta tambaya a ƙasa. In ka jero duka, ba wanda za a yi.

Karanta da agogo, ka datse

Ɗauki takardar ka karanta da ƙarfi, da saurin da kake magana a kasuwa, agogon waya yana tafiya. Duk inda numfashi ya yanke maka, jimlar ta yi tsawo, raba ta. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe sau biyu, sauya kalmar. YouTube ya ƙara tsawon gajerun bidiyoyinsa na Shorts zuwa minti 3 tun watan Oktoba na 2024, amma samun fili ba dalilin cika shi ba ne. Ka tuna da kuɗin mai kallonka ma, data yake ƙonawa. Maganar da ke ƙarewa a daƙiƙa 40, kada a ja ta zuwa 90. Kuma kada ka karanta daga takarda a gaban kyamara, ido yana tona asiri. Haddace jimla biyu, faɗe su, dakata, duba takarda, ci gaba. Wurin haɗawa sai a yanke tsakanin.

A gefen takardar muna rubuta lokaci da wurin ɗauka, domin garin nan yana da nasa sharuɗɗa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, waya takan ɗauki zafi ta kashe kyamara da kanta, saboda haka da hantsi muke yi ko bayan la'asar, lokacin da hasken ma ya fi taushi. Da hunturu a goge idon kyamara kafin kowace ɗauka. In rumfarka tana bakin titi, ƙarar kabu-kabu za ta cinye muryarka, gara ka ɗauki hoton hannu da kaya a can, ka naɗi muryar a ɗaki ka ɗora. Muhimman kalmomi, kamar farashi da lamba, a rubuta su a kan hoton, don wasu a cikin mutane suke kallo, sun kashe sauti. In wani zai fito a bidiyon, maƙwabci ne ko mai saye, musamman mata, nemi izininsa tukuna.

Bayan ka saka, koma ka duba inda aka bar ka

YouTube Studio, wato wurin da mai bidiyo ke duba alƙaluman bidiyoyinsa, yana nuna wani layi da ke sauka yayin da masu kallo ke ficewa, TikTok da Facebook ma suna da irin nasu alƙaluman. Ajiye takardar rubutunka kusa da wannan layi. Inda ya faɗi da ƙarfi, nemo jimlar da ake faɗa a wannan daƙiƙar, ka ja mata layi. In tun farko ya rufta, mabuɗin ne bai kama ba. In a tsakiya ne, ka daɗe kan hoto ɗaya ko ka saki zaren maganar. A namu na fata, wurin ɗigon ruwa ne mutane suka riƙa komawa suna sake kallo, shi ya sa bidiyon da ya biyo baya muka buɗe shi da buta a hannu.

Matasa da yawa idonsu yana kan kuɗin da YouTube ke biya. Kafin ka fara samun rabon kuɗin talla a can, sai ka tara mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1,000 ɗin tare da kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. Hanya ce mai tsawo. Mai sana'a ba sai ya jira wannan ba. Bidiyon da mutum 300 suka gani, biyar suka turo girman ƙafarsu, ya fi masa wanda dubu hamsin suka kalla suka wuce. Don haka a littafinmu, gefen kowane rubutu, muna sa lamba biyu: nawa suka kalla, nawa suka yi magana. Sannan mu bi tambayoyin da aka bari a ƙasan bidiyon ɗaya bayan ɗaya. A makon jiya wata baiwar Allah daga Gusau ta tambayi yadda ake tsabtace matashin fata in yara sun zuba masa miya. Shi muke rubutawa yanzu, har ƙanena ya ware tsohon matashi guda da za mu zuba wa miyar a gaban kyamara.