Yadda ake zaɓen ɗan moto na motar rimot da jirgin ƙasa na kwaikwayo

Yawancin masu fara wannan harka abu ɗaya ne ke kayar da su, gudu. Mutum zai shiga AliExpress ya ga ɗan moto an rubuta yana juyi dubu 40 a minti ɗaya, sai ransa ya biya ya saya ya liƙa wa taya kai tsaye, da ya ɗaga motar sama tayoyi na ta fir-fir, yana ajiye ta a ƙasa sai ta tsaya cak tana ƙara, moton ya yi zafi, wani lokacin har warin ƙuna ya tashi. Na sha ganin haka wajen samarin da ke ƙera motocin kwali da na gwangwani, hannunsu na da kyau wallahi, jikin motar ba a magana, amma wajen moto ake samun matsala.

Da farko ka auna gurbin da moton zai zauna kafin ka kashe ko sisi. Tsawo, faɗi, da kaurin ƙarfen bakinsa, duk a milimita. Lambobin da kake gani a jikin ƙananan nan galibi girman suke gaya maka, 716 na nufin kauri milimita 7 tsawo 16, shi kuma 8520 kauri 8.5 tsawo 20. Waɗannan biyun na ƙananan jirage marasa matuƙi ne, an yi su don kaɗa farfela, jan nauyi ba aikinsu ba ne. Mota mai sikelin 1:10, wato wadda ta gaske ta ninka ta girma sau 10, moto 540 take ɗauka, 1:16 da 1:18 kuma 370 ko 380, in aka sauko 1:24 zuwa ƙasa sai a koma 130, 180 ko N20.

Sai batir. Lithium ƙwaya ɗaya bolt 3.7 ne, in ya cika tam ya kai 4.2, biyu a jere 7.4. Moto 130 irin na cikin motocin wasan yara bolt 1.5 zuwa 3 aka yi shi, ka ba shi 7.4 zai yi maka gudun mamaki na ɗan lokaci sannan burushinsa, wato ɗan abin da ke goga ɓangaren da ke juyawa yana kai masa wuta, ya cinye. Jirgin ƙasa mai ɗaukar wuta daga layin dogo kuma bolt 12 ne ƙa'ida.

To yanzu giya, nan ne nake so a tsaya, don nan ake ɓata komai. Ƙaramin moto gudu gare shi amma ba shi da ƙarfin ja, giya ce ke karɓar gudun nan ta mayar da shi ƙarfi. Kuma lissafin ba wuya, daga taya ake farawa a dawo baya zuwa moto. A ce tayarka faɗinta milimita 30, zagayenta kusan 94 ke nan. In tana juyi 300 a minti, motar za ta ci mita 28 a minti, wato kilomita 1.7 a awa. Za ka ce ai wannan tafiyar kunkuru ce, amma ninka shi sau 24 tunda sikelin 1:24 ne, ka ga kilomita 40 a awa ke nan a idon mai kallo, daidai gudun tifa ko tirela a cikin gari. Wanda ya sa juyi 3,000 a wannan tayar ya yi tirela mai gudun kilomita 400, kowace kwana sai ta kife, kuma ba ta kama da gaske ko kaɗan.

Shi ya sa ni dai duk wanda ya tambaye ni N20 nake ce masa, kar ya wahalar da kansa. Faɗinsa milimita 12, yana zuwa da akwatin giyarsa na ƙarfe a haɗe, bakinsa milimita 3 mai gefe ɗaya a shafe yadda taya ba za ta riƙa zamewa ba. Abin lura kawai, wajen saye akwai zaɓin juyi, 60, 100, 300, 500, 1,000, kuma kowane da bolt ɗinsa, mai juyi 300 a bolt 6 in ka ba shi 3.7 bai fi 185 zai yi ba. Babbar mota ko katafila ɗauki 100 zuwa 200, ƙaramar mota 300 zuwa 500. Kuma dan Allah sayi biyu, kuɗin kawowa ɗaya ne, haƙoran giyar nan ƙanana ne suna karyewa in yaro ya danne motar ya tura ta da hannu.

Jirgin ƙasa ya fi tsauri. A sikelin HO, wato 1:87, tsakanin ƙarafan dogo milimita 16.5 ne, wanda shi ne kwatankwacin milimita 1,435 irin layin Abuja zuwa Kaduna. Tayar kan jirgi mai mita 1 ta zama milimita 11.5, don haka kilomita 100 a awa juyi 530 ne kacal a taya. Moto mai juyi dubu 12 sai an rage shi kamar sau 22. Amma gaskiya ba ƙarshen gudu ake dubawa a jirgi ba, tashi ake dubawa, ya taso a hankali yana jan taragai ba tare da zabura ba. Nemi moto mai ƙafa biyar a ciki, wato rassan ƙarfen da aka naɗa wa waya, mai ƙafa uku yana tsalle-tsalle in an rage wuta, za ka ji shi ma da yatsa in ka juya bakin yana ƙat-ƙat. In gurbi ya bari a sa masa filawil na tagulla, wato ɗan faifai mai nauyi da ake sawa a bakin moto, shi ke tura jirgin ya tsallake inda ƙura ta hana wuta wucewa, kuma da hunturu kowa ya san yadda ƙura take mana. Sikelin N, 1:160, dogo milimita 9, gurbin ya yi ƙanƙanta sosai, a nan ana iya amfani da moto marar ƙarfe a ciki mai kauri 7 ko 8 wanda aka rubuta bolt 12, na Faulhaber ta Jamus da Maxon ta Suwizalan sun fi kyau amma tsada kam sai a hankali.

Masu ciro moto daga tsohuwar DVD ko firinta ba laifi, na tiren DVD yana da laushin tafiya kuma kusan kyauta ne wajen masu gyara, sai dai a gwada shi tukuna. Sa mitar awon wuta a jere da batir, riƙe bakin moton daƙiƙa ɗaya kawai ka ga amfiya nawa yake ja in ya maƙale. Moto 130 na iya jan kusan amfiya 2 a haka. Wannan lambar ce za ka sayi ESC ko direba da ita, wato 'yar na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa wa moto, ya zama ya fi ta. Cikin direbobin ka bar L298N, yana shanye kusan bolt 2 a banza, DRV8833 ya fi dacewa da ƙananan nan.

Moto marar burushi kuwa a bar shi sai hannu ya faɗa, ESC ɗinsa daban ne, kuma lambar KV da ake rubuta masa ninka ta ake yi da bolt a samu juyinsa a minti, 3,000 a kan 7.4 ya haura juyi dubu 22. Kar ka manta ka liƙa kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafafun da ake jona wa waya na moto mai burushi, in ba haka ba tartsatsinsa zai riƙa rikita risiba mai karɓar saƙon rimot, sitiyari na karkarwa. Bayan minti biyar na tafiya taɓa jikin moton, in yatsa ya kasa jurewa to giyar ta yi masa nauyi, rage girman taya ko ka koma mai juyi ƙasa da wannan.